Ƙaramar bindiga a aljihu: Me doka ta ce, me lungunan Kano suka ce?

Da zarar an idar da sallar Isha'i a cikin birnin Kano, akwai lissafin da mutane da yawa suke yi a zuci kafin su kama hanyar gida: ta wane lungu za a bi, akwai haske ko babu, wayar nan a hannu za a riƙe ta ko a cusa ta can cikin aljihu?

Ɗan kasuwar da ya taso daga Kantin Kwari ko Kasuwar Kurmi da cinikin yini a jikinsa yana wannan lissafi. Haka mai sana'ar POS da ya naɗe lemarsa a bakin titi. Haka ma'aikaciyar jinyar da ta tashi daga aikin dare.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙwacen waya da faɗan daba sun daɗe suna ci wa Kanawa tuwo a ƙwarya. Abin ya kai ga cewa a watan Mayun 2023 Majalisar Tsaron Jihar Kano ta ayyana ƙwacen waya a matsayin fashi da makami, saboda masu yin sa ba sa tsayawa a kan wayar, sau da yawa sai sun sa wuƙa ko ɗanbuda.

A irin wannan hali ne maganar mallakar bindiga take faɗowa a majalisu da teburan mai shayi. Wayar da ake tsoron a ƙwace kuma ita ce take kawo bidiyoyin Amurkawa a YouTube da TikTok, suna baje ƙananan bindigogi a tebur, suna bayanin wacce ta fi sauƙin ɓoyewa a jiki. Wadda suka fi yabo ita ce libarba mara nauyi.

To amma kafin mazaunin Yakasai ko Mandawari ya kai ga tambayar wacce ce ta fi, akwai tambayoyi uku da suke gabanta. Doka ta yarda? Idan ma ta yarda, za ta yi aiki a lungu? Idan kuma an yi harbin, me zai faru a gaban alƙali?

Mece ce libarba?

Libarba ƙaramar bindigar hannu ce da ake gane ta da wani dunƙulen ƙarfe mai juyawa a tsakiyarta, mai ramuka biyar ko shida kamar tandar waina. Kowane rami harsashi ɗaya yake ɗauka. Duk lokacin da aka ja kunama, sai dunƙulen ya juya ya kawo sabon harsashi saitin bututu.

Ba'amurke Samuel Colt ne ya yi rajistar wannan fasaha a ƙasarsu a 1836, kuma har yau tsarin bai canza sosai ba. Abin da ya canza shi ne girma da nauyi.

A 1927 kamfanin Colt ya fito da Detective Special mai gajeren baki domin 'yan sandan farin kaya. A 1950 kamfanin Smith & Wesson ya fito da Chiefs Special mai cin harsashi biyar, wadda nauyinta ya ɗan haura rabin kilo. Daga baya aka koma ƙera gangar jikin da alminiyam domin rage nauyi.

A yau samfurin Smith & Wesson 642 yana da nauyin kimanin giram 410. Ruger LCR, wadda ta shiga kasuwa a 2009 kuma aka yi wani ɓangarenta da roba mai ƙarfi, kimanin giram 380 ce. Wato nauyin manyan wayoyin hannu biyu ke nan idan aka haɗa su. Tsawon bututunsu bai kai santimita biyar ba.

Masu sayar da su a Amurka suna tallata su da abu uku. Ba su da wuyar sarrafawa, domin babu wani maɓalli da za a kunce kafin harbi. Ba su cika cijewa ba, kuma idan harsashi ɗaya ya ƙi tashi, ana sake jan kunama ne kawai a wuce na gaba. Sannan suna shiga aljihu ba tare da sun ja riga ƙasa ba.

Duk wannan gaskiya ne. Sai dai rabin labarin ne.

Rashin nauyi yana da farashinsa

Duk bindigar da aka harba tana naushin hannun mai harbin. Nauyin ƙarfenta ne yake shanye wani kaso na wannan naushi. Idan aka rage nauyin, harsashin bai rage ƙarfi ba, don haka tafin hannu da wuyan hannu ne suke karɓar ragowar.

Shi ya sa libarba mara nauyi take zabura sama bayan kowane harbi, kuma take sa hannu zogi. Wanda hannunsa ya ji jiki ba ya son yawan atisaye da ita. Wanda ba ya atisaye kuwa ba ya samun abin da ya saita.

Matsala ta biyu ita ce kunama. A irin waɗannan bindigogi, yatsa yana buƙatar ƙarfin da ya kai na ɗaga kilo huɗu zuwa biyar kafin harsashi ya tashi. Hakan na nufin ana jan kunama da ƙarfin da ya ninka nauyin bindigar sau goma. Ƙaramin karkacewar yatsa ya isa ya kautar da bakin bindigar daga inda aka nufa.

Ta uku ita ce gajartar bututu. Idan tazarar da ke tsakanin masaitin gaba da na baya ta yi kaɗan, kuskuren da ido ba ya gani a hannu yana zama babban kuskure a can inda harsashi zai sauka. Wannan ne ya sa masu koyar da harbi da yawa a Amurka suke ɗaukar wannan bindiga a matsayin ta ƙwararru, duk da cewa sababbin shiga aka fi tallata wa ita.

Su kansu ƙwararrun ba kullum suke dacewa ba. Wani nazari da cibiyar RAND ta fitar a 2008 kan 'yan sandan birnin New York ya nuna cewa tsakanin 1998 da 2006, a lokacin musayar wuta, kashi 18 cikin 100 ne kawai na harsasan da suka harba suka sami wanda aka nufa. Waɗannan mutane ne da harbi yake cikin aikinsu, ana kuma horar da su a kai a kai.

Idan aka ɗauki wannan lissafi aka ɗora a kan bindiga mai harsashi biyar, kusan ɗaya ne zai sami wanda aka nufa. Ragowar huɗun kuma ba ɓacewa suke yi a iska ba. Akwai inda suke sauka.

Jeri ɗaya da mashinga

A Najeriya, maganar ba ta ma kai nan ba, domin doka ta riga ta rufe ƙofar.

Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yanzu ita ake aiki da ita, ta kasa makamai gida uku.

Kashi na farko shi ne makaman da aka haramta. A ciki akwai igwa, da roka, da bama-bamai da gurneti, da mashinga, da bindigogin soja. A cikin wannan jeri ne dokar ta sa libarba da fistol, kowace iri ce. Babu mai ikon ba da lasisin mallakarsu sai Shugaban Ƙasa, kuma ganin damarsa ne.

Kashi na biyu shi ne bindigogin da mutum zai iya nema don kansa, kamar bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, da bindigar wasan harbi, da mai amfani da iska. Lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda.

Kashi na uku shi ne bindigogin gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, irin bindigar toka ta maharba. Sha'aninsu yana hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha.

Ko a kashi na biyu da na uku, dokar ta fayyace cewa lasisi ba haƙƙi ba ne da mutum zai ce dole a ba shi. Ba a bai wa wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko wanda ba ya iya riƙe kansa, ko wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali a cikin shekara biyar da suka wuce. Harsashi ma sai da lasisi.

Hukuncin wanda aka kama da makamin kashi na farko ba tare da lasisi ba shi ne ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Akwai kuma dokar fashi da makami ta musamman, wadda ita ma ta tanadi tara ko ɗaurin aƙalla shekara 10, ko duka biyun, ga mai riƙe da bindiga ba bisa ƙa'ida ba.

A lura, laifin ba harbi ba ne. Mallaka ce. Ko mutum bai taɓa ɗana ta ba, ko a ƙarƙashin katifa take, ko niyyarsa ta fi madara fari, da zarar an same ta a wurinsa laifi ya tabbata. Binciken ababen hawa na dare ɗaya a Ƙofar Nassarawa ko Ƙofar Kabuga ya isa ya mayar da magidanci mai sana'a fursuna.

Wannan rabe-rabe yana da tsohon tushe. A yarjejeniyar Brussels ta 1890, ƙasashen Turai sun amince su taƙaita shigar da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka, suka bar wa 'yan ƙasa masu ɗurin baki. Ranar 3 ga Fabrairun 1903, lokacin da sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka tsaya a bayan badala da igwa da mashinga, Kano ta ga amfanin da wannan bambanci ya yi musu. Dokar 1959 an yi ta ne saura shekara ɗaya a sami 'yancin kai, kuma gwamnatocin da suka biyo baya, na soja da na farar hula, ba su sassauta ta ba. Bindigar da Bakano ya saba gani a fili har yau ita ce ta 'yan bindigar Sarki a ranar hawa, wadda ƙara da hayaƙi ne aikinta.

Ba gwamnoni ne suka ce a kare kai ba?

Sun faɗa, kuma wannan yana cikin abin da yake rikita mutane.

A watan Maris na 2018, tsohon Ministan Tsaro Janar T.Y. Danjuma ya yi kira ga jama'a a Jalingo da su tashi su kare kansu. A 2021 Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya nemi mutanen yankunan da 'yan bindiga suka addaba da su nemi makami. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta ce za ta raba fom 500 ga kowace daga cikin masarautun jihar 19 domin masu neman lasisin bindiga.

Amma nan take Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Rundunar 'yan sandan Zamfara ita ma ta ce takunkumin da aka sa wa ba da lasisi yana nan. A watan Agustan 2023 kuma Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai a faɗin ƙasar, bisa hujjar cewa waɗanda suke yawo a hannun jama'a sun riga sun yi yawa.

Sha'anin makamai yana cikin abubuwan da Kundin Tsarin Mulki ya keɓe wa Gwamnatin Tarayya. Jawabin gwamna a taro ba ya zama lasisi a gaban kotu.

Kukan mutanen karkara ba abin rainawa ba ne. Ƙauyen da mahara za su shiga a kan babura su yi awanni ba a kawo ɗauki ba yana da hujja mai ƙarfi. Sai dai ko su, abin da ake magana a kai doguwar bindiga ce a hannun 'yan sintirin da aka tantance aka san su. A kan haka Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a watan Oktoban 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a watan Janairun 2024. Babu gwamnan da ya ce kowa ya cusa ƙaramar bindiga a aljihun kaftani ya shiga kasuwa.

Game da yawan makaman kuwa, cibiyar Small Arms Survey ta birnin Geneva ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi sama da miliyan shida a hannun fararen hula a Najeriya. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya ya ce zuwa watan Disamban 2018, bindigogin 'yan sanda 178,459 ne ba a san inda suke ba. A watan Yulin 2024 jami'an Kwastam sun sanar da kama bindigogi 844 da harsasai 112,500 a kwantena guda a tashar ruwa ta Onne. Ƙasar ba ta rasa bindigogi ba. Tsaron ne bai zo tare da su ba.

A gwada ta a lungu

A ajiye maganar doka gefe na ɗan lokaci, a ɗauka mutum yana da ita a aljihu, yana tafe a wani lungu a Zango ko Soron Ɗinki da ƙarfe tara na dare.

A 1983 wani ɗan sandan Amurka mai koyar da harbi, Dennis Tueller, ya nuna cewa mai wuƙa yana iya cin tazarar ƙafa 21, wato mita shida da 'yan kai, cikin daƙiƙa ɗaya da rabi. Kusan lokacin ke nan da horarren ɗan sanda yake buƙata ya zaro bindiga daga ɗamararsa ya harba.

Mai ƙwacen waya ba ya sanarwa daga mita shida. A kafaɗa ake jin sa, ko a cikin Adaidaita Sahu yana zaune a gefe, kuma galibi ba shi kaɗai ba ne. Wanda ya kai hannu aljihu a wannan lokaci yana lalube cikin yadin shadda, ya ba su dalilin sa wuƙa. Idan suka rinjaye shi, daga ranar an sami 'yan daba masu bindiga a unguwar, kuma shi ya kai musu.

Idan kuma ya samu ya harba, a tuna da lissafin 'yan sandan New York. Wasu lungunan cikin birni mutum biyu ba sa iya jerawa a cikinsu. Dama da hagu ƙofofin zaure ne da tagogin ɗakuna. Ga almajirai a bakin tsangaya, ga mai ƙosai, ga yaran da aka aika sayen sukari. Ƙyauren langa-langa ba ya tare harsashi.

Sai kuma rayuwar yau da kullum. Bakano yana tsugunawa ya yi alwala sau biyar a rana, yana shiga sahu kafaɗa da kafaɗa, yana cusuwa a Adaidaita Sahu da mutum uku ko huɗu, yana tuɓe riga ya rataye idan zafi ya yi zafi. Malamai sukan kawo hadisin da Manzon Allah (SAW) ya umarci mai wucewa da kibau ta masallaci ko kasuwa da ya riƙe tsininsu, gudun kada ya ji wa wani rauni. Cinkoson Kurmi a ranar kasuwa ya fi ƙarfin a ce za a kula.

A gida ma haka. Yawancin gidajen cikin birni gidajen yawa ne, yara suna shiga kowane ɗaki. Abin da ake yabon libarba da shi, wato rashin maɓallin kullewa, shi ne haɗarinta a hannun yaro. Abin da ya gagari yatsa ɗaya ba ya gagarar manyan yatsu biyu.

Akwai kuma gaskiyar da bidiyon Amurka ba zai faɗa ba. Tunda babu kantin da zai sayar wa farar hula libarba a Najeriya bisa ƙa'ida, abin da zai faɗo hannun mai nema ɗayan biyu ne. Ko dai ƙirar gida, wadda ba a gwada ƙarfin ƙarfenta ba kuma tana iya fashewa a hannu, ko kuma wadda aka sato, mai tarihin da mai saye bai sani ba. Ranar da aka kama dillalin, sunayen waɗanda ya sayar wa ne abu na farko da za a tambaye shi.

Bayan harbi sai kotu

Dokar Najeriya ta amince da kare kai. Sashe na 33 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ambace shi, kuma kundin Final Kod da ake aiki da shi a Arewa ya yi bayaninsa daga sashe na 59 zuwa na 67.

Amma haƙƙin yana da iyaka. Ba a yarda mutum ya yi ɓarnar da ta wuce abin da kare kan yake buƙata ba. Babu wannan haƙƙi idan akwai damar neman taimakon hukuma. Kuma ba ya kaiwa ga kisa sai a yanayi ƙalilan, kamar inda mutum yake da dalilin jin tsoron za a kashe shi ko a yi masa mummunan rauni. Wanda ya harbi ɓarawon da ya riga ya juya baya yana gudu da waya zai sha wuyar gamsar da alƙali cewa ransa yake karewa.

Shari'ar Sunday Jackson ta nuna yadda wannan iyaka take da tsauri. Manomi ne a Jihar Adamawa da ya ce wani makiyayi ya kai masa hari da wuƙa a gonarsa, ya ƙwace wuƙar ya soke shi, mutumin ya mutu. Babbar Kotu a Yola ta yanke masa hukuncin kisa a 2021, bisa hujjar cewa tunda ya raba maharin da makaminsa, yana da damar gudu. Ranar 7 ga Maris na 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin. Sai a watan Disamban 2025 Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri ya yi masa afuwa, bayan ya shafe sama da shekara 10 a tsare.

Wannan mutum ne da bai fita da makami ba, wuƙar ma ba tasa ba ce. Wanda ya fito daga gida da haramtacciyar bindiga a aljihu kuwa tuhuma biyu zai fuskanta. Ko da ya tsira daga ta kisa, ta mallakar makami tana jiran sa.

Su Amurkawan fa?

A can, gyara na biyu da aka yi wa kundin tsarin mulkinsu a 1791 ya ba su 'yancin riƙe makami, kuma a 2022 Kotun Ƙolinsu ta ce 'yancin ya haɗa da fita da ƙaramar bindiga bainar jama'a. Zuwa 2024, jihohi 29 ba sa ma neman lasisi kafin mutum ya ɓoye ta a jiki. Ƙiyasin Small Arms Survey ya nuna suna da bindiga 120 ga kowane mutum 100.

Ana samun waɗanda suke kare kansu da ita, wannan ba a musu. Amma alƙaluman hukumar lafiyarsu ta CDC sun nuna cewa a 2021 mutum 48,830 ne bindiga ta yi ajalinsu, kuma fiye da rabinsu su ne suka kashe kansu. Wani nazari na Jami'ar Pennsylvania da aka wallafa a 2009 ya gano cewa a birnin Philadelphia, waɗanda suke ɗauke da bindiga lokacin da aka far musu sun fi waɗanda ba su da ita yiwuwar a harbe su, har ninki huɗu da rabi. Masu goyon bayan bindiga suna sukar yadda aka yi nazarin, kuma muhawarar ba ta ƙare ba.

Abin lura dai shi ne, mai bidiyon da yake ba da shawarar wacce za a saya yana magana ne daga ƙasar da take da kantunan makamai masu rajista, da filayen atisaye, da akwatunan ƙarfe na ajiya, da lauyoyin da wannan ne aikinsu. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da yake jiran mai kallonsa a Jakara.

To mene ne abin yi?

Cewa bindiga ba mafita ba ce ba ya ɗauke tsoron da yake zukatan mutane. Akwai abubuwan da suke hannun mutum, akwai na unguwa, akwai na hukuma.

Na farko shi ne a rage abin da za a yi asara. A danna *#06# a rubuta lambar IMEI ta waya a ajiye a gida. A sa wa waya da layi lambar sirri. A haddace lambar da banki ya tanada domin rufe asusu daga kowace waya, domin sau da yawa kuɗin da ke banki sun fi wayar tsada. Ɗan kasuwa ya rage yawo da tsabar kuɗi, ya kuma daina bin hanya ɗaya a lokaci ɗaya kullum.

Idan an riga an tare mutum da makami, miƙa wayar ba ragwanta ba ce. Ana sayen wata a Farm Centre. In da rai da rabo.

Idan an ji wa wani rauni, a garzaya da shi asibiti. Dokar da aka sa wa hannu a 2017 ta wajabta wa asibitoci karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

A matakin unguwa, ƙwai ɗaya mai amfani da hasken rana a bakin lungu yana canza lissafin mai laɓewa. Haka tafiya a rukuni bayan an tashi daga kasuwa, da kwamitin tsaro da mai unguwa da limami da ofishin 'yan sanda na yanki suka san da shi. 'Yan daba ba daga sama suke faɗowa ba, 'ya'yan wasu gidaje ne a unguwa, kuma an san su. Abin da ba ya cikin tsaro shi ne ɗaukar doka a hannu, domin taron da ya yi wa wanda ake zargi dukan kawo wuƙa ba ya tsayawa ya tabbatar ko shi ne.

A ɓangaren hukuma, an gwada hanyoyi daban-daban. A 2023 Kwamishinan 'Yan Sanda Mohammed Usaini Gumel ya gayyaci jagororin daba su ajiye makamai, wasu kuma suka amsa. A farkon 2025 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar kafa rundunar tsaron unguwanni, aka ƙaddamar da ita da jami'ai 2,000 a watan Disamba na shekarar. Ma'aunin da jama'a za su auna waɗannan da shi ɗaya ne: idan an yi kira cikin dare, minti nawa ake yi kafin a ga wani, kuma wanda aka kama yau ba a sake ganin sa a bakin lungu jibi.

Wanda kuma ya riga ya mallaki bindiga ba bisa ƙa'ida ba, ko ya gaje ta a kayan mahaifi, ya nemi shawarar lauya kan yadda zai miƙa ta ga 'yan sanda ko Cibiyar Yaƙi da Yaɗuwar Ƙananan Makamai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2021 ƙarƙashin ofishin Mai Bai wa Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Gara ya kai ta da ƙafarsa da a zo a same ta.

Tun zamanin Sarki Gijimasu da aka fara gina ganuwa, sama da shekara 800 da suka wuce, tsaron Kano na tarayya ne: badala ɗaya, ƙofofin da ake rufewa da dare, kowace da sarkin ƙofarta, kowace unguwa da mai unguwarta. Yau badalar ta zaizaye, ƙyamaren ƙofofin sun zama kayan tarihi, amma gidajen suna nan jingine da juna, katanga ɗaya tsakanin maƙwabci da maƙwabci. A irin wannan gari, duk harsashin da ya kuskure ɓarawo, akwai yiwuwar wanda zai samu ɗan wani ne da za a haɗu da shi a sahun Asuba.